Yadda Za Ka Canza Lagireton Tsohuwar Motarka a Ƙofar Gida

Lagireton motocin da, irin na Fijo 504, na tagulla ne. In ya tsage, mai walda ya liƙe shi da dalma, mota ta ci gaba da tafiya. Na Corolla da Accord na shekarun 1990 kuwa, cikinsa alminiyam ne, samansa da ƙasansa roba. Zafin shekaru yana busar da robar har ta tsage, yawanci kusa da murfi ko bakin tiyon sama. Kada ka ɓata kuɗinka wajen gam. Zai riƙe na ɗan lokaci, sannan ya saki ranar da kake tsakiyar hanya.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai lamba 10 da 12, fulaya, sukundireba, roba mai faɗi ta tarar ruwa, da tsumma.

Fara aikin da sassafe, bayan mota ta kwana ba a tayar ba. Ruwan lagireto mai zafi a matse yake, in ka buɗe murfi zai feso maka a fuska. Cire wayar batir ta baƙin kai, don fankar lantarki tana iya tashi da kanta hannunka yana ciki.

Sa robar a ƙasa, buɗe murfi, ka kwance ƙaramin makullin zubar da ruwa da ke gindin lagireto. In ya ƙi juyuwa kada ka yi masa ƙarfi, cire tiyon ƙasa kawai. Wannan ruwa, in akwai kulan a ciki, wato sinadarin sanyaya inji da ake haɗawa da ruwan lagireto, yana da zaƙi kuma guba ne. Kada ka bar shi a tsakar gida inda yara da awaki da kaji ke yawo.

Yanzu matse ƙullin da ke riƙe bakin tiyon sama da fulaya ka ja shi baya, ka murɗa tiyon har ya saki, sannan ka yi wa tiyon ƙasa haka in ba ka riga ka cire shi ba. Cire siririn tiyon da ke zuwa tankin ajiya, ka zare soket ɗin fanka. In motarka otomatik ce, akwai ƙananan bututu biyu a ƙasa da man giya ke bi don ya huce. Cire su, ka toshe bakinsu da leda mai tsabta kada ƙasa ta shiga. Kwance notuka biyun da ke riƙe da lagireto daga sama, ka ɗago shi a miƙe tare da fankarsa. Yi hankali da na'urar sanyaya cikin mota (AC) da ke gabansa. Ba ruwanka da bututunta.

Shawarata, kada ka sayi sabo kafin wannan matakin. Ɗauki tsohon ka je da shi Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, a jera su gefe da gefe. Duba tsayi, kauri, wajen bakin tiyo, da ramukan ɗaure fanka. In ɗan Beljiyam za ka saya, a toshe bakinsa, a hura masa iska a cikin ruwa a gabanka. Kumfa ko ɗaya, ka bar musu kayansu. Ka haɗa da sabon murfi mai lamba daidai da tsohon, 0.9 ko 1.1 da ke rubuce a kansa. Murfin da ya mutu yana cikin abubuwan da ke fasa lagireto, amma ba a cika kula shi ba.

Mayarwa ba wuya. Ɗaura fanka a kan sabon, ka tabbata ƙafafunsa biyu sun zauna cikin robobinsu na ƙasa, sannan ka maida komai yadda ka same shi. Tiyon da ya kumbura ko ya yi laushi kamar biredi, canza shi yanzu.

Inda mutane ke ƙona inji shi ne wajen zuba ruwa. Haɗa kulan da tataccen ruwa rabi da rabi, sai dai in wanda aka riga aka haɗa ka saya. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin tsatsa da ƙanzo a cikin siraran hanyoyin lagireto. Zuba a hankali har ya cika, ka maida batir, ka juya hita zuwa zafi, ka tayar da mota murfi a buɗe. Riƙa matsa tiyon sama. Za ka ga kumfa na fitowa, ruwa yana sauka, ƙara masa. Iskar da ta maƙale a ciki ita ce ke sa allurar zafin inji ta haura alhali komai sabo ne. Jira har tiyon ƙasa ya ɗumama, fanka ta tashi ta tsaya da kanta, sannan ka rufe.

In fanka ta ƙi tashi, wataƙila ita ce ta kashe tsohon lagireton. In kuma kumfa ta ƙi ƙarewa bayan minti 20, ko farin hayaƙi na fita ta salansa, mai yiwuwa gaskit ɗin kan inji ne ya ƙone, wannan kuma aikin bakanike ne. Washegari kafin ka tayar, leƙa ƙasan mota, ka cika ruwan da ya ragu, mai otomatik kuma ya auna man giyarsa bayan inji ya ɗumama.