Darasi na 11: Tsintsiya da Ludayi a Makarantun Japan

Kafin a buɗe littafi, malami ya jefa wa aji wannan tambaya: a makarantar da 'ya'yanku suke zuwa, wa ke shara? A bar kowa ya faɗi abin da ya sani. Wani zai ce yaran ne. Wata za ta ce waɗanda suka makara ake miƙa wa tsintsiya. Wanda ya yi karatun allo zai tuna yadda ƙananan almajirai suke share tsangaya, su ɗebo ruwa, su yo itacen da za a hura wutar karatun dare. A riƙe waɗannan amsoshi, za mu dawo kansu.

Karatu

Japan ƙasa ce a gabashin nahiyar Asiya, can gaba da Sin da Koriya. Tsibirai ce, teku ya kewaye ta ta ko'ina. Babban birninta Tokiyo, mutanenta kuma sun haura miliyan 120. Da yawanmu ta kayanta muka san ta: Toyota, Honda, Yamaha, Suzuki. Yau dai makarantar firamarensu za mu leƙa.

Shekarar karatu a can tana farawa ne a watan Afrilu, lokacin da itacen da suke kira sakura yake fure, ta ƙare a watan Maris. Yaro yana shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 6. Zai yi shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a. Tun 1947 suke kan wannan tsari, kuma shekara 9 ɗin farko dole ne a kan kowane yaro. Wanda ya ji lissafin ya yi masa kama da abin da ya sani bai yi kuskure ba, irinsa ne Najeriya ta ɗauka a shekarun 1980, wanda ake kira 6-3-3-4.

Da safe yawancin yaran firamare da ƙafa suke tafiya makaranta. A wurare da dama 'yan unguwa ɗaya sukan haɗu a wani waje, 'yan manyan aji su ja ƙanana. 'Yan aji ɗaya sukan sa hula rawaya domin direba ya hango su daga nesa. Kowa yana goye da wata jaka mai tauri da ake kira randoseru. Sunan daga bakin mutanen Holan suka are shi. Jakar tana da tsada, sau da yawa ma kakanni ne suke saya wa jika, amma ita ɗin ce zai riƙe daga aji ɗaya har aji shida. A da ta maza baƙa ce, ta mata ja, yanzu kuwa kowane launi akwai.

A bakin ƙofar makaranta kowa zai tuɓe takalmin da ya tako da shi daga gida, ya sa a ɗan gurbinsa, ya ɗauki wani fari mai laushi na cikin gini, sunansa uwabaki. Malamai ma haka, baƙo ma haka. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, don mu ma ba ma taka tabarma ko shiga masallaci da takalmi. Su dai sun kai abin har cikin aji. Ƙarshen mako yaro zai tafi da uwabakinsa gida a wanke, ya dawo da shi Litinin.

Abincin rana

Da rana ta yi tsaka za a ture littattafai. Wasu yara daga cikin ajin, waɗanda layi ya zo kansu a wannan mako, za su wanke hannu, su sa farar riga da farar hula, su rufe baki da hanci da takunkumi. Su ne za su je su ɗauko tukwane da kwanuka da madara, su jera a gaban aji, su kama ludayi. Sauran su yi layi da faranti. Ɗan shekara bakwai ne zai zuba wa abokinsa miya, kuma dole ya auna da ido yadda za ta kai ga na ƙarshen layi. Duk matar da ta taɓa rabon tuwo a gidan yawa ta san wannan ba ƙaramin ilimi ba ne.

Malamin aji yana zama cikinsu ya ci abin da suka ci. Ba wanda zai kai loma baki sai an gama zuba wa kowa. Sannan su haɗa tafin hannu su ce itadakimasu, wato "na karɓa da godiya". In an gama su ce gochisosama, godiya ga wanda ya noma da wanda ya dafa. Su kwashe kwanukan da kansu, su goge tebur. Akwai wani abu da ya burge ni a tsarin: kamar minti 30 kafin yara su ci, shugaban makaranta ko wanda ya wakilta yakan fara ɗanɗana abincin. In da matsala, cikinsa za ta fara samu.

Wannan ciyarwa ta daɗe. An fara ta ne a 1889 a garin Tsuruoka, a yankin Yamagata, a wata makaranta da ke cikin wurin ibadar mabiya addinin Buda. 'Ya'yan talakawa suna zuwa ba su da abin ci, sai aka riƙa ba su curin shinkafa da gasasshen kifi da ɗan ganye mai gishiri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, yunwa ta yi wa ƙasar katutu, har sai da aka riƙa kawo wa yara madarar gari ta agaji daga waje. A 1954 aka kafa dokar abincin makaranta. Bisa wannan doka hukuma ce ke ɗaukar nauyin ma'aikata da wurin girki, iyaye su biya kuɗin cefane, ko da yake yanzu garuruwa da yawa sun ɗauke wa iyaye wannan ma. A lura da kyau: ba bayan sun yi arziki suka fara ba, suna cikin talauci suka fara.

Shara

A makarantu da yawa, bayan abinci da ɗan hutu sai lokacin soji, wato shara. Minti 15 zuwa 20 ne, kuma yana cikin jadawali kamar yadda lissafi da karatu suke ciki. An raba yara rukuni-rukuni. Waɗannan su tura kujeru da tebura baya su share aji, waɗancan su kama baranda, wasu matakala, wasu wurin wanke hannu, 'yan manyan aji kuma har makewayi. Kowane yaro yana da tsummansa, zokin, wanda a da uwa ce take ɗinka shi daga tsohon tawul. Za ka ga yaro ya jiƙa tsumma ya matse, ya duƙa ya dafa shi da hannu biyu a ƙasa, ya tura da gudu daga wannan bango zuwa wancan. A wasu makarantun 'yan aji shida ne suke zuwa su taya 'yan aji ɗaya har hannunsu ya faɗa. Malami ma yakan ɗauki tsintsiya.

Ana yawan cewa wai makarantun Japan ba su da leburori ko kaɗan. Wannan an ƙara gishiri. Akwai ma'aikatan da ke yin gyare-gyare da aikin da ya fi ƙarfin yara. Kuma kowa ya san sharar ɗan shekara shida ba ta fita tas. Su ma sun sani. Yaron suke gyarawa, daɓen ya biyo baya.

Yanzu mu koma kan amsoshin da muka bayar da farko. Mu ma 'ya'yanmu suna shara a makaranta, wasu ma daga gida ake sa su zo da tsintsiya. To ina bambancin? A wurinmu sau da yawa tsintsiya horo ce. Ka makara, ka share fili. Ka yi surutu, ka wanke makewayi. Ƙananan aji su yi, manya su tsaya da bulala. Mata su yi, maza su tafi ƙwallo. Yaron da ya tashi a haka zai ɗauka cewa shara aikin mai laifi ne ko na wanda aka raina, kuma ranar da ya girma ya huta da ita ke nan. A ajin Japan layi ne yake zagayawa. Ɗan likita da ɗan mai wankin kwano, mai ƙoƙari da na ƙarshen aji, namiji da mace, kowa ranarsa tana zuwa. Hatta shugabancin aji na yini haka yake: yau kai ne za ka ce a miƙe a gaida malami, ka goge allo, gobe wani. Mu kuwa monita ɗaya ne zangon duka, da takardarsa ta rubuta sunan masu surutu.

Duniya ta ga inda wannan tarbiyya take kaiwa. A gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Katar a 2022, ranar da Japan ta ci Jamus 2 da 1, 'yan kallonsu sun tsaya bayan wasa da ledoji suna tsince sharar filin. Haka suka yi a Rasha a 2018, kuma a can 'yan kallon Senegal ma sun yi irinsa bayan wasansu da Polan. Masar ta je ta koyo tsarin: ta ƙulla yarjejeniya da Japan a 2016, a 2018 kuma ta buɗe makarantu masu bin wannan salo, inda yara Larabawa suke share ajinsu.

Kada kuma a ɗauka makarantar Japan aljanna ce. Suna fama da yara masu cin zalin 'yan uwansu, har suna da kalma ta musamman, ijime. Jarrabawa tana matsa wa yara lamba, da yawa daga makaranta sai su wuce wani darasin na kuɗi har dare. Inda aka ce kowa ya zama ɗaya, wanda ya fita daban yakan sha wuya. Ba komai nasu ne abin ɗauka ba.

Ga wani abu kuma domin ku da kuka zauna koyon karatu da girmanku. Yaron Japan yana fara da baƙaƙe iri biyu, kowanne 46. Sannan ga na uku, kanji, waɗanda suka aro daga Sin, kowane ɗaya da ma'anarsa. A aji ɗaya zai koyi 80. Kafin ya gama firamare sai ya san 1,026. Baƙaƙe da wasulan Hausar boko ko kusa da 50 ba su kai ba. Wanda ƙ da ɗ da ɓ suke ba shi wahala ya tuna da wannan yaro ya sake ɗaukar fensir.

Kalmomi

Malami ya rubuta waɗannan a allo, a karanta tare, sannan ɗaya bayan ɗaya, a rarraba su gaɓa-gaɓa: tsintsiya, tsibiri, tsumma, takunkumi, jadawali, ɗanɗana, makewayi, rukuni. A kula da ts a farkon ukun farko. Kowa ya kawo wata kalma daga gidansa mai farawa da ts.

Tambayoyi

A wane wata yaran Japan suke shiga sabon aji? Me ya sa 'yan aji ɗaya suke sa hula rawaya? Wa ke fara ɗanɗana abinci, kuma don me? Wace ƙasa ce a Afirka ta buɗe makarantu irin na Japan?

Wannan ta ƙarshe ba ta da amsa a cikin littafi, sai a tattauna: a gidanka, ko a gidanki, akwai aikin da 'ya'ya mata kaɗai suke yi? Wa ya yanke haka? A bar iyaye mata su fara magana, don su suka fi sanin inda aikin yake taruwa.

Lissafi

Yara suna shara minti 15 kullum, kwana 5 a mako. Minti nawa ke nan a mako? Awa nawa da minti nawa?

Aji yana da yara 30. Ana so a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni yara 5. Rukuni nawa za a samu?

An fara ciyar da yara a 1889, aka kafa doka a 1954. Shekara nawa ne tsakani?

Yaro ya koyi kanji 80 a aji ɗaya, ana so ya kai 1,026. Saura nawa?

Aikin gida

A sami farar takarda da abin ja layi. A gefen hagu, daga sama zuwa ƙasa, a rubuta ranakun mako: Asabar, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. A sama a rubuta ayyuka uku na gida, misali sharar tsakar gida, wanke-wanke, ɗebo ruwa. A cike gurabun da sunayen yaran gidan, maza da mata, yadda ba wanda zai maimaita aiki ɗaya kwana biyu a jere. Ƙaramin da bai iya shara ba a haɗa shi da yayansa. Mai takardar ma ya sa sunansa ko da sau ɗaya ne a mako. A manna ta inda kowa zai gani, a gwada kwana bakwai.

Mu ma a nan ajin za mu yi tamu. Kafin a tashi yau a rubuta wanda zai share, wanda zai shimfiɗa tabarmi, da wanda zai goge allo a kowace ranar karatu, har da malami. Mako mai zuwa kowa ya zo da takardar gidansa, ya karanta mana ita da bakinsa, ya faɗa mana wanda ya fara ƙorafi a cikin yaran.