Yadda ake shiga tsohon gidan ko-op a Bronx ba tare da kwamiti ya mayar da kai ba

Da farko ka cire wa ranka cewa ɗaki za ka saya. A gidan ko-op na New York, kamfani ne ya mallaki ginin gaba ɗaya. Kai hannun jari kake saya, sai a ba ka takardar zama a sashenka. Tsari ne mai tarihi a Bronx, ɗaya daga yankunan birnin, tun Amalgamated Houses da ƙungiyar ma'aikatan ɗinki ta gina a 1927. Tunda kamfani ne mai ginin, kwamitin masu gida zai iya ƙin ka ko da mai sayarwa ya amince, kuma ba dole ne ya faɗi dalili ba, duk da cewa doka ta hana ƙin mutum saboda launin fata ko addini.

Kafin ka sa hannu, lauyanka ya karanta lissafin kuɗin ginin na shekara biyu da rubutaccen bayanin tarukan kwamiti. Ginin da ya wuce hawa shida dole a duba bangonsa na waje duk bayan wasu shekaru, kuma in aka sami gyara, a kanku za a raba kuɗin, ban da wanda kuke biya duk wata. Lauya da tsada, amma kada ka yi tsimi a nan.

Takardun kwamiti, nan na faɗi. Za su nemi takardun haraji, na albashi, na banki, da wasiƙun shaida. Yawanci sai ka biya kashi 20 cikin ɗari na farashin a hannu, sannan su ga ragowar da za ta riƙe ka shekara ɗaya ko biyu. Ni kuwa na ɗauki kwasar adashinmu, tsabar kuɗi, na zuba a asusu ana saura mako uku in miƙa takarduna. Halal ɗina ne, guminmu ne mu goma. Amma a takardar banki sai ya fito tilo, babu sunan wanda ya turo, a ƙarƙashinsa kuma ga jerin kuɗin da nake aika wa gida kowane wata. Wasiƙar ƙi layi biyu ce. Har yau abin yana mini ciwo.

Don haka kuɗin adashi ya shiga banki aƙalla wata uku kafin ka nema, gara ma shida. In ɗan uwa ne ya taimaka, ya rubuta cewa kyauta ce ba bashi ba, ya turo ta asusunsa. Abin da kake aika wa iyaye ka rubuta shi da kanka a lissafin kashe-kashenka. Sun fi yarda da wanda ya faɗa da bakinsa.

Ranar ganawa ka amsa abin da aka tambaye ka kawai. Kada ka kawo zancen rushe bango ko saukar da baƙi na wata da watanni.

Unguwa kuma ka taka ta da ƙafa bayan isha'i, daga tashar jirgin ƙasa na layin D ko 4 zuwa ƙofar ginin, ka auna nisan masallaci da shagon nama.

In ka tare, shimfiɗa darduma, gidaje da yawa suna sharɗanta rufe kashi 80 na daɓe. Ka san mai kula da ginin tun makon farko. Bututun ɗumama ɗaki na tururi kuwa, ko ka buɗe makunninsa duka ko ka rufe duka. Rabi-rabi ne ke sa shi bugawa kamar guduma da asuba, ya zubo wa na ƙasa ruwa.