Idan Ubuntu tana damun ku da neman kalmar sirri ta faifai

Jama'a, masu shagunan buga takardu a Katsina da ke amfani da Ubuntu (tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows), ga dabara.

Idan duk sanda kuka kunna kwamfuta akwati yake fitowa yana neman izinin buɗe wani faifan ajiya da ba ku buƙata, ku buɗe manhajar Disks. Ku zaɓi faifan, ku danna alamar giyar inji mai haƙora, ku shiga Edit Mount Options. Ku kashe User Session Defaults, sannan ku cire alamar da ke kan Mount at system startup.

Abin da wannan ke yi shi ne rubuta noauto (wato kar a buɗe kai tsaye) a cikin fayil ɗin /etc/fstab, inda ake jera faifan da za a buɗe idan an kunna, sai kwamfutar ta daina taɓa faifan da kanta. Bayananku na nan lafiya lau, duk lokacin da kuke so sai ku buɗe da hannu. A wurin da wuta ke yawan ɗaukewa ana ta sake kunnawa, wannan sauƙi ne babba.

Amma don Allah kar ku yi wa ɓangaren / (inda ita Ubuntu take) ko /home (inda fayilolinku suke) haka, kwamfutar za ta iya ƙin tashi. Idan kuma faifan na kulle ne da LUKS (tsarin kulle faifai da kalmar sirri), wannan kaɗai ba zai isa ba, sai kun shiga Edit Encryption Options kun cire Unlock at system startup.