Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa ƙasar tukunyar fulawa

Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma nan ne yawancinmu a Jos muke tafka kuskure. Sai mutum ya ɗebo jar ƙasa a bayan gida, ya danna ta cikin tukunya. An ba ta ruwa sau biyu ta kame kamar bulo, ruwa ya kwanta a sama, ganye ya soma rawaya. Mai shukar ya zaci ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa, saiwa ta ruɓe.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Kwano biyu na baƙar ƙasa, kwano ɗaya na takin da ya ruɓe, kwano ɗaya na yashi mai tsakuwa ko ɓuntun shinkafa, sai ɗan dakakken gawayi. Yashin filasta mai laushi bai dace ba, toshe ƙasar yake yi. Idan kin gauraya, ki yayyafa ruwa ki dunƙula a hannu. In kin taɓa da yatsa ta wargaje, ta yi. In ta tsaya kamar curin fura, ƙara yashi. Alobera da moda, shukar nan mai dogayen ganye masu kauri, sun fi son yashin ya kai rabi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ɗanyen taki, domin da kyakkyawar niyya ake zuba shi. Sabon kashin kaji yana da zafi, yana ƙone saiwa. A tara shi a inuwa, a riƙa jiƙawa ana juyawa na wasu watanni, har ya yi baƙi, wari ya tafi. Garin katako ma, wanda ake samu a arha a Kasuwar Katako, in bai ruɓe ba yakan janye sinadarin naitirojin, abincin shuka, daga ƙasa, ga kiran gara. Toka kuwa ɗan barbaɗe ya isa.

Jera duwatsu a gindin tukunya ba ya maye gurbin huji. A huda ta, ko da tsohon bokitin fenti ne.

Ga kuma sanyin Jos, wadda ke tudu mai tsayin kimanin mita 1,200. Daga Disamba zuwa Janairu shuka ba ta shan ruwa sosai a ɗaki, ko da saman ƙasar ya bushe da iskar hunturu. Ki tura yatsa har gaɓa ta biyu, in da danshi ki bari sai jibi.