Kafin Ka Biya Kuɗin Makarantar Kwamfuta

Kuɗin da ka gani a takardar talla ba shi ne kuɗin karatu ba. A tsarin LMD (lisans, masta, dokta) lisans, wato digiri na farko, shekara 3 ce, BTS kuma, wato takardar shaidar karatun sana'a mai zurfi, shekara 2, don haka ka lissafa shekarun duka: rajista, hayar ɗaki, abinci, kabu-kabu, kuɗin intanet da motar zuwa gida lokacin hutu. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma haya da ci a can suna iya fin kuɗin makarantar kanta. Shi ya sa ya kamata ka fara leƙa Jami'ar André Salifou a nan gida Damagaram ka tambayi fannonin da aka buɗe bana, kafin ka waiwayi Jami'ar Abdou Moumouni ko IAI, makarantar koyon kwamfuta, a Yamai. Bus ta ANAB kuwa, wato kuɗin tallafin karatu na gwamnati, kada ka sa ta cikin lissafi sai sunanka ya fito.

Inda iyaye suka fi asara shi ne takardar shaida. Idan makarantar mai zaman kanta ce, ka nemi a nuna maka izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi, ka duba ko ya ambaci fannin da za ka karanta, domin ana samun makaranta mai izini amma fannin bai da shi. Ka tambaya ko BTS ɗin na gwamnati ne ko na makarantar kanta, da ko CAMES, hukumar da ke tantance digiri a ƙasashen Afirka da dama, ta amince da lisans ɗin. In babu waɗannan, ranar jarabawar shiga aikin gwamnati ko neman masta a wata ƙasa za a iya mayar maka da takardunka, alhali an sayar da dabbobi an biya. Mai son Kano, tana kusa, amma da Ingilishi ake karatu, kuma in ya dawo sai ya nemi a daidaita masa takardarsa.

Ingancin koyarwa da ido ake ganinsa. Je ranar karatu, ba tare da sanarwa ba, ka shiga ɗakin kwamfutoci ka ƙirga waɗanda ke aiki. Ɗalibi 4 a kan na'ura ɗaya, ɗaya ne ke koyo, saura kallo suke. Akwai janareto ko sola in wuta ta ɗauke? Malamai nawa ne na dindindin? Malamin haya da ke zuwa ya juye darasin zango guda cikin mako ɗaya ba ya samun lokacin gyara wa ɗalibi manhajar da ya rubuta. Ka tare ƴan shekarar ƙarshe ka tambaye su ko sun taɓa rubuta manhaja da harshen kwamfuta irin C ko Python, ko sun gina rumbun bayanai da SQL, ko sun girka Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da kuma inda suka yi staj, wato koyon aiki.

Idan makarantu biyu duk sun cika waɗannan, ɗauki mai arha, ka sa rarar a kwamfutarka: Core i5, RAM 8 GB, SSD 256 GB, ko ta hannu ce ta isa, muddin ka gwada batirinta kafin ka biya.