Yadda za ka shigar da zanenka baje kolin da alƙalai ke tacewa

Idan zauren baje koli na al'umma ya yi shelar neman ayyukan masu zane na yankinsa, ya ce alƙalai ne za su zaɓa, to ka san da wannan tun kafin ka taɓa fom: a zagayen farko, yawanci alƙalin hoton zanenka kawai zai gani, a fuskar kwamfuta ko an haska shi a bango, na 'yan daƙiƙu, sai a wuce zuwa na gaba. Na zauna a teburin zaɓe, na kuma tsaya a layin masu kawo aiki, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin zane mai kyau ya faɗi saboda abin da bai shafi iya zane ba ko kaɗan.

Fara da takardar sanarwar. Ka karanta ta da biro a hannu. Me suke nufi da yanki, inda kake zaune ko inda aka haife ka? Shin aikin sai wanda aka yi cikin shekara biyu ko ukun da suka wuce? An yarda da wanda aka taɓa nunawa a wani wuri? Girman da suka iyakance, har da firam ne ko ban da shi? Wannan tambaya ta ƙarshe ta kori mutane da yawa, don firam mai faɗi yana ƙara santimita goma ba ka ankara ba. Duba kuma ranar kawo aiki da ranar ɗauka, da ko ana mayar da kuɗin shiga (galibi ba a mayarwa). Wanda ya saɓa ƙa'ida, ma'aikacin zauren ne ke cire shi tun a ofis, alƙali ma bai san ya shigo ba.

Idan an ambaci sunan alƙalin, nemi ayyukansa ka gani, babu laifi. Amma kada ka zauna ka zana masa irin nasa. Mai zanen da ya shekara yana abu ɗaya shi ne ya fi kowa saurin gane kwaikwayonsa, kuma ba ya burge shi.

Sai zaɓen abin da za ka tura. A ce an ba ka damar guda uku. Masu farawa sukan turo fuskar mutum da gawayi, da furanni da fentin ruwa, da wani zanen launuka zalla, wai don a ga sun iya komai. Abin da mu kan gani shi ne mutum uku da ba su san juna ba. Turo ayyukan da kowa ya kalla zai ce hannu ɗaya ne ya yi su, ido ɗaya ne ya gan su. In kuwa biyu ne kawai masu ƙarfi, tsaya a biyun. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na ukun da aka cusa don cike gurbi shi ne ke sa a fara shakkar sauran.

Ɗaukar hoton ne inda nake so ka ɓata lokaci. Ka ɗauka kafin ka sa gilashi, don gilashi zai nuno taga da fitila, wani lokaci har da kai kanka riƙe da waya. Kashe filasha. Rataye zanen a bango, a wurin da hasken rana ke shiga amma ba ya dukansa kai tsaye. Inuwar baranda da hantsi ta wadatar. In da fitilu za ka yi, sa biyu iri ɗaya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ta karkato kamar digiri 45, ta haka ƙyallin fentin mai ba zai dawo cikin kyamara ba. Idon kyamarar ya daidaita da tsakiyar zanen, fuskarta ta yi daidai da bangon. In ka ɗaga ta ko ka sunkuyar da ita, zanen zai fito sama a tsuke ƙasa a baje, ko akasin haka. Kada ka matsa kusa sosai, musamman da wayar hannu, gefuna za su kumbura. Ja baya kaɗan ka janyo hoton. Ɗora wayar a kan wani abu tsayayye, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku, don hannu na rawa ko ba ka ji ba.

Akwai wata dabara mai sauƙi: a hoton gwaji, manna farar takarda kusa da zanen. In ta fito ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi, to duk launukanka sun gurɓata haka, sai ka canza wuri. Bayan nan yanke hoton daidai bakin zanen, babu bango, babu firam, babu yatsa. Ajiye wayar kusa da zanen ka kwatanta da idonka. Gyara ya tsaya ga mayar da launi yadda yake a gaske. Wanda ya ƙara wa ja ƙarfi har ya fi na zanen, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi: yawancin zauruka sun tanadi ikon mayar da aikin da bai yi kama da hotonsa ba ranar da aka kawo shi. Mai sassaƙa kuma ya nemi bango marar ado a baya, ya ɗauka ta gaba da ta gefe, da guda na kusa da zai nuna fatar abin.

Fayil ɗin, bi abin da suka ce game da nau'i da girma da yadda za a sa masa suna. Wasu zaɓen a rufe ake yinsa, ba a barin alƙali ya san mai aikin, don haka kada ka rubuta sunanka ɓaro-ɓaro a kan hoton.

A fom za a nemi sunan aikin, shekara, kayan da aka yi shi da su, da awo. Tsayi ake fara rubutawa, sannan faɗi. Bayanin aiki kuwa layi huɗu ko biyar ya isa: me ka zana, da me, me ya ja ka gare shi. Dogon turanci a kan ma'anar rayuwa babu mai karantawa ana cikin duba ɗaruruwan hotuna.

Farashi na da lissafin da ke ruɗa mutane. Zauren zai cire kamishonsa daga abin da aka saya. A ce kashi 30 cikin ɗari ne, kai kuma 70 kake so ya shigo hannunka: 100 za ka rubuta. Masu ɗora kashi 30 a kan 70 sukan rubuta 91, a cire kamisho su tashi da ƙasa da 64. In ba na sayarwa ba ne, faɗi haka, amma duba ko an yarda.

Yanzu ga abin da ke faruwa a ɗakin zaɓe. Zagayen farko da sauri ake yinsa: e, a'a, wataƙila. Bayan nan sai a koma kan tarin "wataƙila", kuma a nan ne bango ke yin hukunci. Zauren al'umma ba shi da faɗi. In an riga an ɗauki manyan zanen daji guda huɗu, na biyar zai sha wuya ko da ya fi na uku, ƙaramin zanen tawada kuma ya samu shiga don ɗakin na bukatar wurin da ido zai huta. Alƙali ɗaki yake haɗawa, kuma yana da nasa son rai kamar kowa. A 1863 alƙalan babban baje kolin Faris sun ƙi ayyuka masu yawa har koke ya kai ga sarkin Faransa na lokacin, Napoleon na Uku, ya ba da umarni a buɗe wa waɗanda aka kora nasu baje kolin daban. Cikinsu akwai Edouard Manet, wanda yau ake jera shi cikin manyan masu zanen Faransa. Ba ina cewa duk wanda aka ƙi Manet ne ba, yawancinmu ba shi ba ne. Amma in wasiƙar haƙuri ta zo, je ka kalli baje kolin duk da haka, ka tsaya gaban abin da aka ɗauka, ka sake duba hotunanka da idon baƙo, sannan ka tura aikin wani wuri.

In an ɗauke ka, saura shiri. Firam marar hayaniya ya fi, baƙi ko fari ko launin katako. A bayansa ɗaura zoben ƙarfe biyu, kowane a kusan kashi ɗaya cikin uku daga sama, ka ja wayar ƙarfe tsakaninsu yadda ba za ta leƙo ta saman firam ba. Igiyar zare da ƙusa ɗaya ba sa riƙe nauyi, kuma masu ratayewa sun tsane su. Aikin gawayi ko allin launi yana son kwali mai kauri tsakaninsa da gilashi. Ka guji gilashin roba, yana jan ƙurar launin ta manne masa. Fentin mai kuwa kada ka kawo shi ɗanye. Ya kan bushe a sama alhali ciki da saura, ya shafi rigar mai ɗauka ko zanen maƙwabci. Manna takarda a baya da sunanka, sunan aikin, da kibiya mai nuna sama, don zanen da ba siffar wani abu ba ne an sha rataye shi a kife.

Wajen ɗauka, in za ka naɗe da ledar nan mai ƙwayoyin iska, ƙwayoyin su kalli waje, in ba haka ba sai su bar tambarinsu a fenti. Zane biyu a tsaye ake jingina su, fuska da fuska ko baya da baya, da kwali a tsakani. Da ka isa, ku duba aikin tare da mai karɓa, a rubuta duk wani tabo da ke jikinsa, ka karɓi takardar shaida, ka tambayi ko zauren na da inshora.

Inda za a rataye ka ba naka ba ne, kada ka yi gardama a kai. Galibi tsakiyar zane kan kasance santimita 145 zuwa 150 daga ƙasa. Ranar buɗewa ka zo, ka tsaya kusa da aikinka ba tare da ka tare shi ba, ka amsa tambaya a taƙaice. Jan ɗigo a gefen sunan aiki na nufin an saya, amma zanen zai zauna a bango har a rufe. Ranar ɗauka kuma ka zo da takardarka da kayan naɗinka a kan lokaci, domin irin waɗannan zauruka ba su da ma'ajiya, kuma wasu sun rubuta a sanarwar cewa aikin da aka bari bayan wa'adi za a caje shi kuɗin ajiya ko ya zama nasu.