Kurakuran da aka fi yi wajen buɗewa da rufe rufin tamfol na tsofaffin motoci a Legas

Tsofaffin motoci masu rufin tamfol ba su da yawa a Legas, amma duk wanda ya yi aikin direba ko gadi a Ikoyi ya san akan samu guda a garejin maigida. Sau da yawa Marsandi SL ce, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1989, ko Volkswagen ƙirar kunkuru. Injin yakan yi ƙarko, rufin ne ke riga shi mutuwa, kuma galibi hannun mutane ne ke kashe shi.

Babban kuskure shi ne naɗe rufi da laima a jikinsa. Ruwan Yuni ya ɗauke, rana ta leƙo, sai a yi maza a sauke rufi a cusa a ma'ajinsa. Ɗanshin garin nan ba ya barin komai ya bushe a rufe. Kafin a ankara funfuna ta yi baƙi-baƙi a ciki, zaren ɗinki ya ruɓe, gaɓoɓin ƙarfe sun kama tsatsa, balle a Lekki inda iska ke ɗauke da gishirin teku. Ka bar shi a miƙe har ya bushe ƙayau. Taɓa lungun ɗinkin baya da yatsa, can ruwa ke maƙalewa bayan sama ta bushe.

Sai tagar baya. A Marsandin roba ce, ba gilashi ba. In ana saukewa, ka sa tafin hannu ka taimaka mata ta lanƙwasa a tsakiya, da tawul mai laushi a ciki. Idan ta karye a wuri ɗaya, farin layin ya zauna kenan. Kada kuma a goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, a fara zuba ruwa.

Na uku, nuna ƙarfi. Rufi ya cije, matashi ya finciko gefe ɗaya, firam ya karkace, daga nan sai yoyo. Tsaya a wuri mai daidai, ja birkin hannu, sauke gilasai, ku kama ku biyu. Wajen rufewa, ɗaure makullan gaba kafin na baya. In sun ƙi kaiwa, tamfol ɗin ne ya tsuke don ya daɗe a naɗe. Ajiye motar a rana ya saki.

Masu rufin maɓalli, irin SL ta bayan 1989, su kunna inji tukuna don kada batir ya gaza a rabin hanya. In rufin ya fara tafiyar hawainiya, a duba man na'urar ɗaga rufin, don silindojinta kan yi yoyo. Kada bakanike ya ɗura man birki, yana cinye robobin ciki.

Kuma ban ga dalilin taɓa rufi mota na tafiya ba, ko a gosulon gadar Third Mainland ne. Kayan gyaransa ba kullum ake samu a kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ba, wani sai an yi odarsa daga Jamus.